Daga Walima Zuwa Albashin Farko

(Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, tsohuwar malamar makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, ta gabatar a wajen bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ta faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.)

Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya, da mazajenmu da suka daure suka zauna can baya suna jiran a sauke tukunya, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Da Sakatariya ta zo gidana ta ce an sa ni cikin masu magana, cewa ta yi in faɗi nasarorin da ƙungiya ta samu wajen karatun 'ya'ya mata. Na ce mata to. Amma da na kwana na tashi sai na ga nasarorin nan kowa ya san su, mu muka yi su da hannunmu. Don haka Hajiya ki yi haƙuri, na ɗan kauce daga abin da aka aike ni.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A 'yan shekarun nan ƙungiyar nan ta tsaya wa 'ya'yanmu da dama sun shiga makarantun jinya da ungozoma. Wata da rancen ƙungiya aka biya mata kuɗin rajista, wata kwasar adashin uwarta ce ta saya mata katifa da yunifom, wata kuma ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce ta riƙe ta har ta gama. Ranar da yarinya ta dawo da kayanta sai mu fitar da anko, a yi walima, a ɗauke ta hoto da fararen kaya a sa a WhatsApp, kowa na cewa Allah ya sanya alheri, Malama Nas. Ni ma da ni ake yi, ban taɓa ƙin shinkafar kowa ba. To bayan wata shida fa? Bayan shekara fa? Nawa ne daga cikin yaran da muka yi wa walima suke karɓar albashi yau? Ban ce ku ɗaga hannu ba. Kowacce ta amsa a zuciyarta.

Abin da muke yi shi ne mu raka yarinya har bakin kogi, mu rangaɗa guɗa, mu juyo gida, alhali ba ta haye ba. Kuma kogin hawa biyu ne: jarrabawar lasisi, sannan neman aiki.

Bari in fara da abin da iyaye da yawa ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu. Gama makaranta daban, zama nas daban. Takardar makaranta shaida ce cewa yarinya ta zauna a aji ta cika kwanakinta. Abin da ke ba ta ikon riƙe sirinji ta tsira wa ɗan mutum allura, ko ta karɓi haihuwa da sunan ma'aikaciya, shi ne lasisi. Hukuma ɗaya ce tak ke bayar da shi a duk faɗin ƙasar nan, wato Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, wadda ɗalibai ke ce wa kansul. Tun 1979 take a wannan tsarin, lokacin da aka haɗe hukumar nas-nas da ta ungozomomi wuri guda, kuma babban ofishinta yana Abuja. Ba gwamna, ba kwamishina, ba shugaban makarantar da zai iya ba 'yarki lasisi. Sai ta zauna jarrabawar kansul ta ci.

Kuma masu fararen kayan nan ba duka ne ɗaya ba. Akwai mai karatun shekara uku ko fiye, wadda ke fitowa cikakkiyar nas ko cikakkiyar ungozoma. Akwai ta jami'a mai digiri, shekara biyar. Akwai kuma mai shekara biyu, nas ko ungozomar karkara, wadda aka tsara karatunta don ta koma garinsu ta yi aiki a ƙaramin asibiti. Ita ma lasisi gare ta, amma na matakinta. Su kuma 'yan makarantar kiwon lafiya da ake kira CHEW, hukumarsu daban, jarrabawarsu daban, kada a haɗa. Yawancin yaranmu masu shekara biyun nan ne, a kansu zan fi tsayawa. Kada wata ta raina su. Ko a Amurka akwai irin wannan matakin, nas mai gajeren karatu da ke aiki a ƙarƙashin babbar nas, kuma ita ma sai ta ci jarrabawar da suke kira NCLEX-PN kafin a bar ta ta yi aiki.

Wasunku za su tuna shirin nan na W4H da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Shi ne ya riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye, har da matan aure, a ba su karatun share fage su gyara sakamakon sakandare kafin su shiga makarantar jinya. Tun daga nan kan mutane ya waye. Uban da a da zai ce 'yarsa ba za ta kwana a asibiti ba, yau shi ne ke yawon neman mata gurbi a Dambatta ko Madobi ko Birnin Kudu. Shigar mun koya. Fitar ce ba mu yi wa tanadi ba.

Kafin ma a zo jarrabawa akwai wani rami da nake so ku sani. Kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da kansul ta yarje mata ta ɗauka. Bayan an ɗauke su sai makaranta ta tura sunayensu, kansul ta ba kowace ɗaliba lamba. Wadda ba ta da lambar nan, ko shekara goma ta yi a aji, a wurin kansul ba a san da ita ba, kuma ba za ta zauna jarrabawa ba. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa gidana da 'yarta da takardu cike da leda. Ta sayar da akuyoyinta da ɗan kunnen aurenta ta biya wata makaranta ta kuɗi har yarinyar ta gama. Na zazzage ledar nan kaf, rasit ne kawai da hotuna, babu lamba. Makarantar ma kansul ba ta san da zamanta ba. Ban san da wane baki na gaya mata ba. Don Allah, duk wadda 'yarta ke makaranta yanzu, idan kin koma gida yau ki kira ta ki ce, kansul ta ba ki lamba? Idan ta ce an ce za a ba su, ki sake tambaya wata mai zuwa. Idan shekara ta zagayo ana ta za a, za a, ki ɗauki mayafinki ki je makarantar da ƙafarki.

To, jarrabawar kanta. Sau biyu ake yin ta a shekara: ta jinya a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozoma a Maris da Satumba. Kafin ta akwai wadda makaranta ke yi don tace waɗanda za ta gabatar. A zamaninmu da biro da takarda muke yi, ka yi ta zuba rubutu har yatsa ya ƙage. Yanzu a kwamfuta ake yi. Tambaya ta fito, amsa huɗu a ƙarƙashinta, agogo na tafiya a gefen allo, ba ya jiran kowa. Makin ci hamsin ne cikin ɗari. Sannan akwai ta gwajin aiki, wadda suke kira OSCE: ɗaki-ɗaki ko tebur-tebur, kowanne da aikin da za ki yi cikin 'yan mintoci, mai dubawa na zaune da takarda yana kallon hannunki, ana kaɗa ƙararrawa ki matsa gaba. Kin gaida majinyaci? Kin gaya masa abin da za ki yi masa? Kin wanke hannu? Kowanne da makinsa. Yarinyar da ta iya aikin sarai sai ta ruɗe ta tsallake wankin hannu, maki ya tafi.

Na koyar shekaru masu yawa, kuma in gaya muku gaskiya, yaranmu ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba. Akwai wata ɗalibata da har yau idan na tuna ta sai raina ya sosu. A ɗakin haihuwa ba ta da ta biyu. Mace ta haihu jini ya ɓalle, kafin in buɗe baki hannunta na kan marar matar tana murza mahaifa, tana kiran a kawo ɗauki. Jijiyar da manya suka nema suka rasa, ita za ta samu a tsira ɗaya. Amma ranar jarrabawa ita ce rana ta biyu a rayuwarta da ta zauna gaban kwamfuta. Ta ce mini, Malama, abin nan da ake turawa da hannu, ina tura shi kibiyar na gudu. Rabin lokacinta ya tafi wajen kokawa da na'ura. Ga Turanci. Tambayar takan zo da ɗan labari mai tsawo, amsoshin huɗu duk kamar daidai, abin da ake nema shi ne wanne za ki fara yi. Wani lokacin kuma wata 'yar kalma guda mai nufin "ban da" ce za ta juya tambayar gaba ɗaya, wadda ke sauri ba za ta gan ta ba. Abin da yarinyar nan ke yi da hannunta ba tare da tunani ba, shi aka tambaye ta a allo, ta zaɓi wani abu daban. Ta faɗi.

Wannan ba ciwon da ba shi da magani ba ne. Yarinya ta samu wata biyu tana zuwa kafe ko wurin koyon kwamfuta sau biyu a mako, tana amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanta, tsoron zai fita. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma zaman kafe kuɗi ne, data kuɗi ce.

Sai lokaci. Nan zan juyo gare mu, mu iyaye, da ku na can baya. Yarinya ta zo gida ana saura 'yan makonni jarrabawa, sai mu ce alhamdu lillahi mai taya aiki ta dawo. Ita ce wanke-wanke, ita ce kai niƙa, ita ce raino, ita ce za ta raka Inna asibiti tunda ai ita nas ce. Idan matar aure ce, ga girki, ga goyo, ga baƙin maigida, ga uwar miji na cewa wai wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa. Sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ta buɗe littafi da fitilar waya, ta yi shafi biyu barci ya sace ta. Alhaji, kai da ka yarda ta yi shekara biyu a makaranta, ka biya kuɗin mota, ka jure cin abincin ƙanwarka, don Allah kada ka ƙi jure wata ɗaya na ƙarshe. A nan ne duk abin da ka kashe zai tsaya ko ya zube. Mu kuma surukai, na san da mu a wurin nan, ni ma suruka ce, mu karɓi goyon nan na 'yan makonni. Ba zai karya mana baya ba.

Yanzu a ce an yi duk wannan, sakamako ya fito, ta faɗi. Me muke yi? Shiru. Gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Maƙwabta na tambaya, uwa na cewa ai sakamakon ne bai fito ba. Yarinya ta daina fita, ta daina ɗaga wayar ƙawayenta. Da ma a da doka ce mai tsanani: wadda ta faɗi sau uku an sallame ta ke nan, duk shekarun sun tafi a banza. A watan Satumba na 2025 kansul ta fitar da sanarwa ta soke wannan korar. Yanzu wadda ta faɗi wani ɓangare, wannan ɓangaren za ta maimaita har ta ci, da sharaɗin tana nan a matsayin ɗaliba tana halartar darasi, aƙalla kashi 80 cikin ɗari. Wannan sauƙi ne babba, kuma iyaye da yawa ba su ji labarinsa ba. Amma ku lura da abin da ke cikinsa. Maimaitawa na nufin sabon kuɗin jarrabawa, da komawa makaranta, da kuɗin mota, da abinci, na wata shida. Kuma lokacin ne aljihun gida ya riga ya bushe, an kashe ragowar a walima.

Zan faɗi wani abu a kaina, don kada ku ce na zo ina wanke kaina ina shafa wa wasu. Ɗalibar nan da na ba ku labari, da ta faɗi karo na biyu ta zo ofishina tana kuka. Ranar na gaji, an yi mana faɗa a kan yawan waɗanda suka faɗi, sai na ce mata, ke kam wataƙila aikin nan ba naki ba ne. Kalma ɗaya ce, na faɗe ta na ci gaba da rubutuna. Ba ta dawo ta yi na ukun ba. Bayan wasu shekaru na tsaya sayen magani a wani kemis a bakin hanya, sai ga ta a bayan kanta, an ja labule, tana ɗaura wa wani yaro ruwa a kan benci. Ta gaishe ni da ladabi, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Hannun nan yana nan yadda na san shi. Amma ba lasisi, ba likita a kusa, ba mai duba abin da take yi. Ranar da aka samu akasi, yaro ya sanƙare a kan bencin nan, ba mai kemis za a kama ba, ita za a kama, kuma babu ƙungiyar ma'aikata ko hukumar da za ta tsaya mata, don a takarda ita ba kowa ba ce. Ban tambaye ta ko akwai kuɗin maimaitawa a gidansu ba. Tambayar da ya kamata in yi ke nan a ofis ranar, ban yi ba.

Shi ya sa idan na ji uwa na cewa ai ba komai, tana ɗan taɓa allura a unguwa tana samun na sabulu, sai gabana ya faɗi.

To, mu haye hawa na biyu. Ta ci. An yi rajista, an biya ta Remita, an jira, lasisi ya zo hannu. Sai aiki. A nan ne abin ke ɗaure wa mutane kai, kuma da gaskiyarsu. Kullum rediyo na cewa babu ma'aikatan lafiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowace haihuwa dubu ɗari mata 512 ke rasuwa, kuma kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a hannun ƙwararru. A lokacin, a nan Arewa maso Yamma ko ɗaya cikin biyar ba ta kai ba. A farkon 2024 magatakardan kansul na lokacin ya ce nas-nas sama da dubu 42 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. To idan haka ne, me ya sa 'yata ke zaune a gida da lasisi a ƙarƙashin katifa?

Amsar ita ce, buƙata daban, gurbi daban. Asibitin ƙauye na iya kwana da mace ɗaya tak tana awo, tana rigakafi, tana karɓar haihuwa, amma muddin gwamnati ba ta amince da ɗaukar sababbi ta ware albashinsu a kasafi ba, babu gurbi. Mu da muka yi ritaya, ba kowacce aka maye gurbinta ba. Waɗanda suka tafi waje kuma yawanci manyan asibitoci suka bari, su kuwa manyan asibitoci cikakkiyar nas suke nema. Mai shekara biyu ƙofarta ita ce hukumar lafiya a matakin farko ta jiha da ƙananan hukumomi, kuma ƙofar nan ba kullum take buɗe ba. Gwamnati ta sha gwada dabaru. A 2009 an kawo shirin MSS, aka tura ungozomomi sababbi da masu ritaya ƙauyuka, aka ce tarayya za ta ba da naira dubu 30, jiha dubu 20, ƙaramar hukuma dubu 10 da wurin kwana. A wurare da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa ba, mata suka tattara suka dawo. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kuma da irin wannan kuɗin ake ɗaukar wasu na kwantiragi. Yana taimakawa, amma kwantiragi ba aikin dindindin ba ne.

Sai yarinya ta shiga sa-kai. Ta je asibitin unguwa ta ce a bar ta ta riƙa taimakawa. Ni ban hana ba, hasali ma ina ba da shawarar a yi, don hannun da ya zauna shekara bai taɓa majinyaci ba yakan yi sanyi, kuma idan aka tashi ɗauka, wadda aka sani a wurin ta fi kusa. Amma a yi shi da ido a buɗe. A samu takarda daga shugaban asibitin mai nuna ranar da ta fara, a ajiye. A kuma sa wa abin iyaka. Na san waɗanda suka shekara biyar suna sa-kai, uwa ce ke ba su kuɗin adaidaita kullum, suna aikin dare, ana ce musu an kusa. Asibitocin kuɗi kuma, akwai na kirki, amma akwai waɗanda abin da suke ba yaran nan bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ba, ga aikin awa goma sha biyu.

A cikin wannan jiran ne ɗan damfara ke shigowa. Zai zo da babbar riga da sunan wani babba a bakinsa, ya ce akwai ofa guda biyu da suka rage, a kawo kaza. Kuma abin da ke sa a yarda da shi, kowa ya san ana yi. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a bainar jama'a a kan sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, mutane suka zo suka faɗi da bakinsu kuɗin da suka biya. Mu a nan mun san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Amma ni abin da na gani da idona shi ne mata sun ci bashi sun ba da, an miƙo musu takarda mai tambari, yarinya ta ɗinka sabon yunifom ta je kama aiki, aka duba aka ce ba a san da wannan takardar ba. Ba kuɗi, ba aiki, ba kuma inda za a kai ƙara, don mai bayarwa ma ya taka doka.

Akwai kuma namu laifin. Wani lokacin aikin yakan zo, sai a ga an tura ta wani ƙauye mai nisa, gida ya ce ba inda za ta. A fara yawon neman a dawo da ita cikin gari, har gurbin ya wuce. Ban ce tsoron banza ba ne. Akwai wuraren da ni kaina ba zan bar jikata ta kwana ba a halin da ake ciki na rashin tsaro, akwai kuma asibitin da ba ɗakin ma'aikata, ba ruwa, ba wuta. Amma ba kowane ƙauye ne haka ba. Kafin a ce a'a, uba ko miji ya hau mota ya je ya gani, ya gaida mai gari, ya tambayi inda za ta zauna. Karatun nata tun asali don can aka yi shi. Kuma wadda ta fara daga can tana da albashi a hannu, ita ce gobe za ta iya komawa makaranta ta zama cikakkiyar nas ba tare da ta sake jingina da mu ba.

To Hajiya Shugaba, ga abin da na zo roƙo, kuma ina so a sa shi cikin ajandar taron wata mai zuwa. Ƙungiya na ba da rancen shiga makaranta, tana ba da na jari, tana ba da na biki. Ba mu da na wannan tsakanin. Ina ba da shawarar a buɗe ɗan asusu daban, kowace mamba ta riƙa ƙara naira ɗari biyar a kan zubinta na wata. Daga ciki a riƙa ranta wa 'yar mamba kuɗin jarrabawar kansul, ko na maimaitawa, da na koyon kwamfuta, da na lasisi, da kuɗin motar zuwa intabiyu. Kada a ba da kuɗin a hannu, Ma'aji ta biya kai tsaye a ajiye rasit. Uwa ce za ta tsaya mata. Biya kuma sai ta fara ɗaukar albashi, kaɗan-kaɗan, ba ƙari. Wadda ta faɗi ita ce farkon layi, ba wadda ta ci ba, don ita ce ke bakin rami. Kuma ko sisi daga asusun nan ba zai tafi sayen aiki ba. Duk wadda aka ce ta kawo kuɗin ofa, ta zo ta faɗa a taro, mu bincika tare.

Na ga Ma'aji na girgiza kai, kuma na san abin da za ta ce, don ta riga ta faɗa mini a waya. Za ta ce bashin da ba a san ranar biyansa ba ai kyauta ce, idan yarinya ta shekara uku ba aiki fa, ko ta yi aure ta bar gari? Gaskiyarta. Wani kuɗin zai daɗe, wani ma ba zai dawo ba, kada mu yaudari kanmu. Shi ya sa na ce asusu daban, kada ya taɓa jarin kowa, kuma a sa iyakar abin da mutum ɗaya zai ɗauka. Iyakar nawa ce, wannan na bar wa Ma'aji da kwamitinta, sun fi ni sanin lissafi. Abin da kawai zan ƙara, ku auna abin da muke kashewa a anko da abincin walima guda ɗaya, ku ajiye shi kusa da kuɗin maimaita jarrabawa. Ni da za a bi tawa, a riƙa ɗage walimar sai lasisi ya zo. Na san ba za a bi ba, na dai faɗa.

Abin da ba ya buƙatar jiran taro kuma, ni zan fara. Duk ranar Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar ƙofata a buɗe take ga duk yarinyar da ke shirin kansul, 'yar mamba ce ko ba 'yar mamba ba, wadda za ta yi karon farko da wadda za ta maimaita. Ɗana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, za su riƙa karɓa-karɓa. Akwai ma'aikatan jinya biyu a cikinmu da ke aiki har yanzu, na roƙe su sun yarda za su riƙa leƙowa mu yi gwajin OSCE a tsakar gida, da 'yar tsana da bokiti da ƙararrawa. Mai goyo ta zo da goyonta, akwai masu riƙewa. Sakatariya na da takarda a bakin ƙofa, a rubuta sunan yarinya da makarantarta da watan da za ta zauna. Wadda kuma ke jin nauyin rubutawa a gaban mutane saboda 'yarta ta faɗi, ta same ni a gida bayan magariba, ba wanda zai ji.

Na ga an fara shigo da kuloli.